Hoton da Ya Tona Asirin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Bilkisu ba, ko da kuwa na so in manta.

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, an koya mana wata dabara: ka ɗauki hoto, ka ɗan gusa dama kamar faɗin tafin hannu, ka sake ɗauka. In ka sa hotunan biyu suna musanya da sauri, sai na kusa ya rabu da na nesa, hoto ya yi zurfi kamar ka zura hannu ciki. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya motsa tsakanin ɗauka biyun. (Malam ya maimaita wannan, ni kuwa kaina ya riga ya kumbura.)

Bilkisu 'yar farin Gwaggona ce. Saboda kunyar ɗan fari, Gwaggo ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan", ba ta kuma yarda a kama ta tana kallonta. Da safe na ɗauki amarya hoto da wannan dabara a tsakar gidansu a Dogarawa, Gwaggo na can baya bakin ƙofa, ta kau da kai. Na haɗa hotunan a waya, na ga bishiyar mangwaro ta fito ɗas, ban duba komai ba kuma.

Da la'asar falo ya cika da mata har da dangin ango, na jona wayata da talabijin ina cewa yau za su ga ilimi. Zurfi kam ya fito. Amma a hoto na biyu Gwaggo ta saci kallon 'yarta, idonta cike da hawaye. Ga ta nan a allo: ta kau da kai, ta kalla, ta kau, ta kalla, ba tsayawa. Sai wata tsohuwa ta ce, "Ashe dai ana so." Aka kwashe da dariya, Gwaggo ta ja mayafi ta shige ɗaki. Na rasa inda zan sa kaina.

Sai bayan mako biyu ta amsa gaisuwata. "Shekara ashirin da huɗu ina rufe abu," in ji ta, "ke kin buɗe shi da yatsa ɗaya."

Bilkisu kuwa ta roƙe ni hoton a ɓoye, wai ba ta taɓa ganin wannan kallon ba. Na tura mata, na goge nawa. Har yau ban san ko laifi na yi ko alheri ba. Abin da na sani, yanzu kafin in nuna hoto, mutanen da ke baya nake fara dubawa, mangwaro ya jira.