Jirgin Ƙasan Surukina

Ko da tsufa zai sa in fara rikita sunayen 'ya'yana, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tuƙa jirgin ƙasa a tsakiyar Sakkwato, garin da ko layin dogo babu. Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, shagona yana Gidan Igwai, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. (In lasifikar biki ta taɓa hana ka barcin rana a unguwarmu, ka yafe mini, hannuna ne.)

A lokacin ina neman auren Asma'u, 'yar Alhaji Mamman mai atamfa da shadda, mazaunin Gidan Dahala. Kawuna ya je neman izini, Alhaji ya ce za a duba. Wannan "za a duba" ta hana ni sukuni, don na ji ƙishin-ƙishin wani ma'aikacin banki ma yana zagaya gidan, da mota mai sanyi. Ni kuwa babur gare ni, shi ma sai an tura.

Ana haka Alhaji ya dawo daga ƙasar Sin sarin kaya, ya zo da ƙaramin jirgin ƙasa: kan jirgin kamar tsawon tafin hannu, da taragu, da layin dogo mai zagaye wanda ake jona wa wuta, da akwatin sarrafawa mai abin murɗawa. Kada ka ce don jikoki ya saya, don kansa ne. Yana saurayi ya sha shiga jirgi daga Ƙauran Namoda zuwa kudu fatauci, kuma kukan jirgin nan yake kewa. Jirgin yana tafiya lafiya lau, amma shiru. Na'urar sautin daban aka ba shi ita a 'yar leda, an rasa mai haɗawa.

Asma'u ta kira ni a waya. "Na hwaɗa ma Baba duk Sakkwato kai kaɗai ka iya wanga aiki. Don Allah kak ka ba ni kunya."

"Kwantar da hankalinki," na ce. "Jirgi ai rediyo na mai taya."

Da na buɗe kan jirgin a shago sai na ɗan sha jinin jikina. Wayoyin kamar silin gashi, lasifikar kuwa ba ta fi maɓallin riga ba. Na lallaɓa na liƙe komai da dalma, na ɗora shi kan layi, na murɗa. Sai ya kama hanya da baya. Na juya wayoyin injin, ya miƙe gaba, sai kuma sautin ya fara iskanci: ya taso, ya ɗauke, ya sake farawa daga farko. Na zargi liƙina, na sake shi. Na zargi lasifikar, na gwada wata. Na zargi mutanen da suka ƙera shi, har na faɗa musu maganganu, ko da yake suna nesa. Can dai na lura wuri ɗaya yake shaƙewa kowane zagaye. Ashe datti ne a kan layin. Wutar ta ƙarfen layi take bi ta shiga tayoyi, ko ƙiftawar ido ta yanke, na'urar sai ta koma farko. Na goge layin da tayoyin tas, na ƙara masa kafasito, wato ɗan abin da ke ajiye wuta ya riƙe sautin na ɗan lokaci ko an sami yankewa. Jirgi ya yi ta zagaye yana kuka gwanin daɗi.

Nan ya kamata in tsaya. Amma kunnena ya ƙi yarda. Mu a sana'armu, sautin da na kan titi bai ji ba, ba a yi aiki ba, wannan kuwa kamar kukan sauro. Da wannan zan kayar da mai mota? Na ciro lasifikar wata ƙaramar rediyo, na cusa ta a taragon farko tare da 'yar amfilifaya, na ƙara kafasito mai girma, na ƙure murya. Da na gwada, wani mai keke mai ƙafa uku da ke wucewa sai da ya kauce gefen titi yana waige. Na ji daɗi har cikin raina.

Ranar da zan kai aikin ta dace da walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanen Asma'u. Alhaji ya aiko cewa in haɗa jirgin a babban falo, yana so ya nuna wa abokansa bayan la'asar. Na sa shaddata ta Sallah, na je da wuri, na shimfiɗa layin a tsakiyar darduma. Dattawa suka shigo suka zauna kewaye da shi, liman a gaba, an ajiye masa ƙatuwar ƙwaryar fura a gefe.

Alhaji ya ce, "To, injiniya, bismilla."

Injiniya! A gaban mutane! Na durƙusa na murɗa. Shiru. Na ƙara. Shiru. Na murɗe abin nan har ƙarshe, gumi ya fara karyo mini, ina lissafin wace waya ce ta cire a hanya.

"Yaro, ba laihinka na ba," in ji liman, yana nuna fankar sama da ta tsaya. "Wuta anka ɗauke. Mu yi addu'a tukun."

Na sauke ajiyar zuciya. To ka san mai neman aure ba ya zama tsakiyar surukai. Na ja da baya a durƙushe, kaina a ƙasa, har sai da na kai bakin ƙofa, can wajen takalma, inda ya dace da ni. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Muna cikin amin-amin na tuna: ban mayar da abin murɗawar baya ba.

Na ɗaga ido. Akwatin yana can gaban gwiwar Alhaji, tsakanina da shi dattawa ne jere. In tashi in tsallaka ƙafafun abokan suruki ana tsakiyar addu'a? Gara ƙasa ta tsage in shige. In ɗaga murya in ce a zare soket? Ni da ko gaisuwa da raɗa nake yi a gidan. Sai na shiga tawa addu'ar daban. Ina jin ni ne mutum na farko a garin nan da ya roƙi Allah da zuciya ɗaya kada a kawo wuta.

Fanka ta motsa.

Ƙarar da ta tashi a falon nan, ka rantse tirelar siminti ce daga Kalambaina ta faso bango. Wani tsoho ya miƙe zumbur yana salati, rawaninsa ya warware. Wani ya yi hanyar ƙofa ya tattake ni da takalman gaba ɗaya. Jirgi kuwa ya fizga a guje, ya zo kwana ya ƙi lanƙwasa, ya yi tsalle ya bar layi, sai tsundum cikin ƙwaryar liman. Kuma da yake aikina mai kyau ne, kafasiton nan ya riƙe wuta, jirgin ya ci gaba da kuka daga ƙarƙashin fura, yana ɓulɓul, har ya gaji don kansa. Liman, fuska da gemu duk fura, bai sauke hannu ba. Ya shafa fatiha a haka. Daga bayan labule na ji dariyar mata, kuma na gane muryar Asma'u a ciki, abin da ya fi komai ƙona mini rai ke nan.

Alhaji ya tsamo jirginsa da ludayi, ya dube shi, ya dube ni. "Wa yac ce ka ƙara mai murya?"

"Ba kowa, Baba."

"To mi ya hana ka tashi ka kashe?"

"Kunya, Baba. Ban iya tsallaka manya."

Ya ajiye jirgin ya koma wajen baƙinsa. Na tura babur na tafi gida, na tabbata na miƙa wa mai mota mata da hannuna. Na daina cin abincin kirki, ko wayar Asma'u na kasa ɗauka.

Mako bai cika ba Alhaji ya aika aka kira kawuna. Ya ce masa, "Yaron ga hankali nai sai a hankali, amma ya san girman manya. Mun ba shi. Ya zo ya wanke jirgin da yaɓ ɓata."

Ranar ɗaurin aure, ƙofar gida cike da jama'a, liman ɗin nan dai ya gyara zama zai ɗaga hannu, sai ya dakata, ya leƙa cikin mutane. "Ango hwa? A tambaye shi in ya kashe kaya nai, kahin mu soma."

Har yau, da zarar an ɗauke wuta, ko gaban wa nake, sai na kashe abin da na kunna tukun, sannan in ji kunya.