Ranar Da Albasa Ta Hau Allo

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko na so ma mutanen garinmu ba za su bari ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. An tura ni bita Kano, na dawo da dabarar koya wa yara tattara hankali: jefi-jefi a buga gwangwani, kowa ya tambayi kansa, "Ina hankalina yake?" Wanda nasa ya tafi yawo ya ɗaga hannu, ba duka ba zagi. Na ɗauki abin da zafi (har liman sai da na yi wa bayani).

Ran nan Hajiya mai duba makarantu ta zo kallon darasin. In ya yi mata, ni zan koya wa malaman yankin. Na sha babbar riga. Sai dai ranar ce layin ban ruwan gona ya zo kaina. Bayan asuba na buɗe wa albasata, da niyyar in toshe kafin takwas ruwan ya wuce gonar maƙwabcina Ɗan'azumi. Allah bai nufa ba.

Ina cikin rubutu a allo abin ya faɗo mini. Ni kuwa tun ina yaro, in zan tuna wa kaina abu, da ajami nake rubutawa. Hannuna bai nemi shawarata ba, ya koma dama ya kama aiki.

Ƙwal! Safiya monita ta buga gwangwani.

"Malam, ina hankalinka yake?"

Kafin in juyo, aji ya ɗauka baki ɗaya, da muryar karatun allo: "A toshe ruwan albasa, kar Ɗan'azumi ya ci mutuncina."

'Yar Ɗan'azumi, da ke bencin gaba, ta miƙe da ladabi. "Malam, Baba ya toshe tun bakwai. Ya ce a gaishe da mai koyar da hankali."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na yi salati a zuci, na ɗaga hannu da alli a ciki, ni kaɗai a ajin.

Aikin dai ta ba ni, bisa sharaɗin in riƙa buɗe kowane taro da wannan labari. Na ba da shi ya fi a ƙirga, kuma har yau ba a rage mini dariya ba.

Abin da na koya: in za ka koya wa yara kama hankalin da ya tsere, ka fara ɗaure naka, don da na Malam za su gwada hannu.