Motar da Ke Yi wa Manya Tsaki

Jazuli yaro ne mai ladabi, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. In ya ga babba yakan rusuna, in an kira salla yakan ja ƙofar shagonsa na sayar da wayoyi ya tafi. Aibinsa ɗaya ne, mota. Wata ja ce mai ƙofa biyu, gajera, cikinta har yana neman shafar ƙasa, in za ka shige ta sai ka yi kamar mai leƙa akurki. Mutum biyu take ɗauka, na biyun ma sai in bai ci ya ƙoshi ba.

Motar tana da abin nan da ake kira turbo, wanda aikinsa irin na zugazugin maƙeri ne: hayaƙin da ke fita shi ke juya shi, shi kuma ya danna iska cikin inji, wuta ta ƙara ci, mota ta ƙara gudu. Yadda masu ƙera ta suka saita iskar bai ishi Jazuli ba. Ya kai ta garejin abokinsa Ɗanliti, bakaniken da bai taɓa ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi ba. Suka ƙara ƙarfin iskar, suka yanke salansar asali suka ɗaura wata mai faɗin bakin tulu, wai don injin ya samu numfashi. Suka manna wani ɗan agogo kusa da sitiyari mai nuna iskar da ta taru, Jazuli ya riƙa kallon allurarsa fiye da yadda yake kallon hanya. Da yake kuma iska in ta taru dole a sama mata mafita, sai suka sa wani bawul da ke furzar da ita waje duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur. To nan masifar take. Ƙarar furzarwar ba ta da maraba da tsaki, dogon tsaki mai kauri, irin na matar da akuya ta taka wa wanki.

A wajen 'yan wasan mota wannan sautin abin alfahari ne, har waiwayowa suke yi su ɗaga masa hannu. Jazuli bai taɓa jin wani abu a ciki ba sai daɗi, sai da ya fara neman auren Raliya.

Raliya ma'aikaciyar jinya ce, mahaifinta ya rasu, maganar aurenta tana hannun wan mahaifinta, Baffa Isiyaku, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi kaɗai zai ce wa Jazuli ya turo magabatansa, in bai ce ba kuwa babu zance. Kullum bayan la'asar Baffa yana zaune da majalisarsa ta dattawa a gindin darbejiya, gefen ɗan masallacin da ke bakin layinsu. Layin kuma ba ya ɓullewa, duk mai zuwa gidan sai ya bi ta gabansu.

Ranar da Jazuli ya fara zuwa gaisuwa ya sha farar shadda, ya karyo kwana da ɗan kuzari, ya hango dattawa a kan tabarma. Ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi, ya ɗaga ƙafa don ya rage gudu. Motar ta dubi majalisar nan ta ja tsakin da har tantabarun kan masallaci suka tashi.

Mai jan carbi ya tsaya, mai ɓare goro ya ɗago kai. Jazuli ya fito da ƙyar, ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka amsa masa a daƙile. Nan ya shiga bayani cewa ba shi ba ne, iska ce, akwai wani bawul, in ba a sake ta ba sai ta koma ta lalata turbo. Baffa ya bar shi har ya kai aya, sannan ya ce ai ya san ƙarfe ne. Ya yi rayuwarsa cikin jirgin ƙasa, shi ma yana huci, amma tun daga nesa yake yin sallama kafin ya iso tasha. Ya tambaya ko da wannan halin aka ƙero ta. Jazuli, da yake ba ya ƙarya, ya ce a'a, shi ya sa aka saka mata.

"Af, ashe kai ka saya mata tsakin," in ji Baffa.

Daga nan Jazuli ya rasa inda zai sa kansa. In ya rage gudu, motar ta yi tsaki. Ya gwada kada ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, sai ya wuce majalisar fuu kamar wanda aka biyo, yana ɗaga hannu ta taga, aka ce ga shi nan yanzu ko tsayawa gaisuwa ba ya yi. Ya gwada ajiye ta can bakin titi ya ƙaraso a ƙafa, sai Raliya ta kawo masa saƙo: Baffa ya ce wanda ya ajiye halinsa a bakin titi zai koma ya ɗauka in ya fita. Motar da za ta riƙa ɗaukar 'yarsa ita yake so ya ga ta gyaru. Ranar da ta shigo layin nan kamar 'yar mutane, ranar za a yi maganar magabata. Raliya ta ƙara da nata, cewa ita fa ba za ta tsufa tana jiran ƙarfe ya koyi tarbiyya ba.

Jazuli ya koma wajen Ɗanliti. Ɗanliti ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, a toshe bawul ɗin kawai, ba mafita ba tsaki. Ya dai gargaɗe shi cewa iskar za ta riƙa komawa baya tana dukan turbo, kwanansa zai ragu. Jazuli ya ce ya ragu ɗin. Aka toshe. Washegari ya karyo kwana, ya ɗaga ƙafa yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Motar ba ta yi tsaki ba, Allah ya sani. Sai dai iskar da ta rasa hanya ta koma ciki tana karkarwa, ta fitar da wani sauti, tu-tu-tu-tu-tu, sak dariyar ƙeta ta wanda ya ga an zame a taɓo. Daidai lokacin kuwa wani dattijo yana ƙoƙarin miƙewa da sandarsa. Ya koma ya zauna, ya ce shi ba zai tashi ba sai ta gama.

Ɗanliti bai karaya ba. Ya ce tunda ba a iya kashe sautin, sai a binne shi. A buɗe bawul, a ƙara buɗe salansa, a saita mai yadda in an ɗaga ƙafa za ta riƙa fashewa, tsakin ya ɓace a cikin ƙarar. Jazuli, da so ya riga ya toshe masa kunne, ya yarda. Abin da ya faru a bakin layin ranar har yau in ana labarinsa sai an yi istigfari saboda dariya. Salansa ta yi tau, tau, tatatau. Dattawan da aka san su da ciwon gwiwa sai ga su cikin masallaci babu wanda ya ga shigarsu, liman ya rufo ƙofa da kansa. Baffa kaɗai ya rage a kan tabarma, shi ma don ƙafarsa ta yi sanyi ne. Da ƙarar ta lafa, wuri ya yi tsit, sai motar ta saki ragowar iskarta a hankali, ta yi masa tsakin shi kaɗai.

Dabara ɗaya ta rage, wadda Jazuli ya ƙirƙiro da kansa ba tare da shawara da kowa ba: ya kashe injin tun daga kwana, motar ta gangaro shiru. Bai san cewa in inji ya mutu sitiyari yakan sandare, birki ya zama dutse ba. Ta gangaro kuwa shiru, ta bi ta kan jerin takalman dattawa, ta murƙushe butoci biyu na alwala, ta je ta dafa gindin darbejiya ta tsaya. Jazuli yana ciki ya miƙe tsaye a kan birki, idanu waje. Baffa ya ɗaga takalminsa da ya koma kamar waina, ya juya shi, ya ce gara ma tsakin, shi ko ba komai yana sa mutum ya janye ƙafa.

Ranar Raliya ba ta fito zance ba. Ta dai aiko masa a waya cewa ya zaɓa, ko ita ko halin motarsa.

Jazuli ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Sannan ya je gareji ya ce wa Ɗanliti a mayar da komai yadda masu ita suka yi ta. Ɗanliti ya roƙe shi, ya ce ko ɗan agogon a bari don tarihi, Jazuli ya ce a cire. Aka tono tsohuwar salansa daga ƙarƙashin tarkace aka kakkaɓe, aka sauke ƙarfin iskar, aka sa bawul na asali mai mayar da iska ciki ba tare da kowa ya ji ba. Da aka tayar da ita sai da Ɗanliti ya ɗora tafin hannu a kan bonet kafin ya yarda tana aiki. Ya juya baya yana share ido da tsumman mai, ya ce shi bai taɓa yin aikin da ya ɓata masa suna irin wannan ba. A hanya wata a-daidaita-sahu ta wuce Jazuli, ya dai ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri.

Bayan la'asar ya karyo kwanar layin. Dattawa na hango jar mota suka fara tattara takalma suna rungumewa. Ta taho sumul, ta rage gudu, ta tsaya daidai gefen tabarma, ko numfashinta ba a ji. Jazuli ya fito ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baffa ya amsa, sannan ya miƙe da kansa ya zagaya motar, ya tsaya a gabanta, ya tsaya a bayanta, ya sa hannu a bayan kunne ya sunkuya wajen salansa. Ya daɗe a haka.

Da Jazuli ya ga abin ya yi tsawo, sai ya ce a hankali, "Baffa, ka ji ta dai. Ko uffan."

Baffa ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, bai ko dube shi ba, motar yake kallo.

"Kai dai ka turo manyanka. Amma ita wannan, daga an yi mata faɗa sai ta ɗauki gaba da mutane?"