Kaka ya karye min karan fure

"...lafiya lau Kaka, ya ƙafar ta... wayyo Allah! Mene ne wannan a hannunka?"

Gaisuwar ma ban ƙarasa ba wallahi. Kakana ne zaune a baranda kusa da tukunyar furena, wani fure ne mai kai irin na albasa amma ƙato, sai lokacin sanyi yake tsiro, shekara uku ina rainonsa sai bana ya fito da kara ɗaya tal da toho a sama, saura kwana biyu ya buɗe. To karan nan ne a hannun Kaka yana korar ƙuda da shi.

"Taimakonki na yi, amarya. Na karye miki."

"Ka karye?! Ka KARYE?"

"Shekara arba'in ina noman albasa. Duk wadda ta yi kara karyewa ake, in ba haka ba kan ba ya girma."

"Ba albasa ba ce, tsoho! Furen nake jira!"

"Ci ake yi?"

"Kallo ake yi!"

Ya saki baki. "Shekara uku kina ba abu ruwa don kallo? Ga ni nan kyauta ba ki taɓa kallona ba."

"In kalli me, haƙori biyu? Sake ni kawai, na fasa auren."

"Wa zai kwashe ki? Mai noman albasar da ba ta shiga tukunyar girki."

"Gara ita, tana fure sau ɗaya a shekara. Kai tun da aka haife ni ban ga ka yi ba."

"Tsaya. Sau ɗaya?"

"Ɗaya! Sai wani sanyin kuma!"

Nan dariyarsa ta ɗauke don ya ga hawayen gaske nake. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa yana tone ƙasar gefen kan a hankali, ya daɗe yana leƙe.

"Zo ki gani, sarkin kuka."

Wani ɗan koren tsini ne mai kauri ya leƙo.

"Ganye ne."

"Ni za ki koya wa? Ganye fale-fale yake fitowa. Wannan kara ne na biyu, ba shi sati uku."

Na ƙwalla ihu. "Rantse!"

"Na rantse. Yau dai kin kayar da ni." Ya miƙo min sandarsa yana dariya. "Riƙe. Duk ran da kika ga hannuna ya nufi tukunyar nan, sauke min ita."