Ranar da Na Sa Inna Magana da Tele

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Yaya Balki ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Madarumfa ba za su bari ba. Har yau in na sauka daga mota sai an samu mai cewa, "Tekinisiyan ta iso, kowa ya riƙe telensa."

Yaya Balki ita ce 'yar farin Innarmu. Tana aure a Beljik, can Turai, mijinta Lawali yana aiki a wani kamfani mai ja wa mutane tele da intanet cikin gidaje. Tun da ta tafi ba ta samu zuwa ba, takardu sun riƙe ta. Ni kuwa ina Yamai, ina aiki a shagon sayar da salula, shi ya sa a gida ake ganin duk abin da ke da maɓalli na san kansa (ni ma, tsakani da Allah, haka nake ganin kaina).

Kun san kunyar ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunan Balki a bakin Inna ba. "Waccan" take cewa, ko "ta ƙasar sanyi". Ba ta tambayar lafiyarta kai tsaye, sai dai ta ce min, "Mutanen can suna samun gero kuwa?" In na kira bidiyo na miƙa mata salula, sai ta kau da kai wai tana gyara ɗankwali, amma ina ganin wutsiyar idonta. Kuma banza ne, don rezon unguwarmu, wato sabis ɗin waya, sai a hankali. Fuskar Yaya ta daskare baki buɗe, murya ta tsinke, ga idon Inna ya yi rauni, ga gilashin salula ɗan mitsitsi. Rabon da ta ga 'yarta tana motsi kamar mutum, tun ranar da aka raka ta tasha.

To sai Yaya ta haihu, namiji. Aka ce a nan gida za a yi suna, a yanka rago, liman ya raɗa, mata su yi wuni, ko da mai jego da jinjirin suna wata duniya.

Ga inda shaiɗan ya shigo min. Wata rana muna bidiyo da Yaya daga Yamai, na hango wani ɗan baƙin akwati a bayanta yana ƙyafta fitilu. Na ce mene ne wancan? Ta ce modem ne, nan koneksiyon ɗinsu ke fitowa. Ta juya min bayansa, sai ga kabul zagayayye mai bakin murɗawa, da 'yar allurar jan ƙarfe a tsakiya. Ta ce ai kabul ɗin tele ne, shi ke kawo musu duka biyun. Na kusa yin tsalle don murna. Wannan kabul ɗin na san shi tun ina yarinya, shi ne ke ratsa katangar gidanmu.

A unguwarmu Alhaji Ilu ne mai parabol, faifan nan na kama tashoshi, da dekoda. Daga ɗakinsa kabul ya fito, ya bi kan katanga, ya shiga wannan gida ya fita ya shiga wancan, har bakin hanyar tafki. Abin da Alhaji ke kallo shi kowa ke kallo. In ya ga dama ya sa wa'azi, unguwa duka ta tuba. In barci ya ɗauke shi kan tashar Larabawa, haka za ku wuni kuna kallon raƙuma suna tsere.

Na ce a raina, kabul ɗaya ne, akwatin kawai muka rasa. Na shiga kasuwa wajen masu kayan Turai na hannu, na tona har na samu irinsa sak. Mai kayan ya tambaye ni me zan yi da shi, na yi masa kallon "ba za ka gane ba". Ban tambayi Lawali ba kuma, mutumin da wannan ne abincinsa, wai ina so in ba su mamaki. (Na ba su kuwa.)

Da na iso gida, maimakon in gwada a ɓoye kamar mai hankali, sai na yi shela. Na ce wa Inna, gobe bayan la'asar za ki ga Yaya da jinjiri a cikin tele, manya-manya, suna motsi, ki yi magana su amsa.

Ta ci gaba da tsince shinkafarta ta ce, "Ke dai kin faye surutu." Can kuma, ba ta ɗago ba, "A telen nan tamu?"

Gwaggo Sa'a, ƙanwar Baba, ita ta kai labarin rijiya da gidan niƙa. Kafin magariba har matan garin Safo da suka zo suna sun ji cewa Balki za ta fito a tele.

Ranar suna da safe aka yi fatiha, aka raɗa wa yaro Mamman Sani, aka yanka rago. La'asar na yi ɗakin Inna ya cika, wasu a ƙofa, wasu ta taga. Inna ta fito cikin shaddar da take ajiya a ƙasan akwati, ta sa kwalli, har da turare. Gwaggo ta ce wa Inna, "Yaya, turaren ga na wane ne? Tele ba ta jin ƙamshi." Inna ta ce, "Don baƙi na sa." Aka yi dariya, aka zaunar da ita kan kujera gaban tele.

Abin da na manta, ko in ce ban ɗauke shi komai ba: lokacin kokawar ƙasa ne, kuma ran nan ɗan jiharmu ke karawa. Duk namijin da ya ci naman suna ya wuce gaban tele.

A bayan telenmu akwai ɗan ƙarfe mai baki uku. Kabul ya shigo ta ɗaya, ɗaya ya tafi telenmu, ɗaya ya fita zuwa sauran gidaje. Ni da iyawa na ce modem na son ƙarfi cikakke, kada a raba masa da kowa. Na kwance babban da ke shigowa, na murɗa shi a bayan akwatina. Na haɗa salula da tele, na jingine ta a sama tana kallon Inna. Tele ta yi shuɗi. Fitilar farko ta modem ta kama. Ta biyu ta fara ƙyaftawa.

Ta yi ta ƙyaftawa.

Gwaggo ta ce, "Ina Balkin? Ko ta tsaya shafa hoda?" Na ce akwatin yana nema ne, Beljik da nisa. Na kashe na kunna. Na hura bakin kabul ɗin (kada ku tambaye ni dalili). Idanu duka a kaina. Sai bakina, wanda bai taɓa barina na huta ba, ya ce, "Hoto ne ke da nauyi, murya ita ke fara isa. Inna, ki yi magana, tana jinki."

Ban san me ya sa na faɗa ba. So nake in sayi minti ɗaya.

Inna ta gyara zama. Ta kalli shuɗin nan kamar akwai mutum a ciki. Ta yi sallama, ta jira. Sannan a hankali ta ce, "Balki."

Gwaggo da ke shirin wata tsokanar ta rufe baki.

"Balki, ɗiyata, sannu da arziki. Kina shan kunun kanwa kuwa? Wa ke dafa miki ruwan wanka? Ki rufe wa yaron kai, an ce can sanyi gare shi. Ɗakinki na nan, ban bari an zuba hatsi ciki ba." Ta gyara ɗankwalinta. "In kin samu hanya ki taho. Ni dai ina nan."

Fitila na ta ƙyaftawa.

Sai muka ji sallama daga zaure, ba ta mutum ɗaya ba. Maza ne, ba su iya shigowa cikin mata, suka tsaya can suna ɗaga murya. Muryar Alhaji Ilu ta fi ta kowa: "A gafarce mu, masu gida. Wa ya taɓa kabul? Tun daga gidan ga har bakin tafki babu mai hoto. Yaro ya kama ƙafar mutum, ya ɗaga, sai telen mutane ta mutu."

Wani daga baya ya ce, "An ce 'yar Yamai ce ke kiran Turai da shi."

Alhaji ya ce, "Turai? Kabul ɗin da ya ƙare a bayan gadona?"

Dariyar da ta tashi daga zaure ta shigo har ɗaki. Na durƙusa bayan tele, na mayar da kabul inda yake. Hoto ya dawo daidai ana zagaya fili da wanda ya yi kaye a kafaɗa, an gama. Rabin unguwa ba su ga faɗuwar ba, kuma har gobe ni ake bi bashinta da baki.

Amma ba dariyar maza ta kashe ni ba. Inna ce ta juyo ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ba ta ji ba ke nan?"

Na ce, "Ba ta ji ba, Inna."

Ta ce, "To madalla, da na ji kunya." Ta tashi ta ce bari ta duba tuwon baƙi. Gwaggo, mai bakin da ba ya kwana, ba ta tsokane ta da sunan nan ba, ko ran nan ko bayansa.

Washegari na hau kabu-kabu na fita bakin titi inda rezo ke da dama, na kira su. Lawali ya yi dariya har da tari, sannan ya yi min karatu. Ya ce kabul ɗin iri ɗaya ne, ban yi ƙarya ba. Amma nasu, can ƙarshensa akwai babbar na'urar kamfani da ke sauraron kowane modem tana ba shi amsa, ita kuma tana haɗe da fibar, babbar wayar intanet da ta tafi duniya. Cikin kabul ɗin an raba hanya, tele na da tata, saƙon da ke zuwa na da tasa, wanda ke fita daga gida ma na da tasa, har na'urorin ƙara ƙarfi na kan hanya an yi su don su tura gaba su tura baya. Fitilar da na ga tana ƙyaftawa, modem ne ke neman wanda zai amsa masa. Ya ce, "Naku kawowa kawai ya iya, ƙanwata. Ba ya kaiwa."

Sai Yaya ta karɓi salular. Na ba ta labari ina dariyar dole, har na zo wurin maganar Inna. Sai ta katse ni.

"Ta faɗi sunana?"

"Ta faɗa. Sau biyu."

"Kin ɗauka?"

Salula na jingine kan tele, tana kallon Inna tun daga farko har ƙarshe. Ni mai sayar da salula. Ban danna komai ba.

Ta ce, "To faɗa min yadda ta faɗa." Haka na tsaya bakin titin Maraɗi, motocin Najeriya na wucewa, ina kwaikwayon muryar Inna ina cewa "Balki, ɗiyata", tana cewa in sake. Har yanzu in kewa ta dame ta sai ta turo min saƙo: yi min Inna.

Modem ɗin yana nan kan kabad ɗin Inna, tsakanin kwanonin samira, an lulluɓe shi da ɗan kyalle mai ado. Na ce ta ba ni in yar, ta ce in bar shi, "kayan waccan ne". Wani lokaci in ta share ɗaki nakan ga ta goge shi.

Ni dai na koyi abu biyu. Kafin ka tara mata ka ce kabul zai kai su Turai, bi shi da ƙafa ka ga inda ya ƙare, wataƙila bayan gadon Alhaji Ilu ne. Na biyu kuma, in tsohuwa ta sa kwalli da turare ta zauna gaban tele, ko komai bai yi aiki ba, ka danna wurin ɗauka.