Kwayil Mai Cikin Iska

Tun da asuba Farfesa mai shago yake gaban madubi yana goge kunnuwansa da auduga. Ba laifinsa ba ne, kunnuwan nan su ne jarin shagon gyaran lasifika. Ya sha faɗa cewa daga tsallaken titi yana gane abin da ke tsakiyar kwayil, wato naɗin wayar da ke tace sauti a cikin akwatin lasifika. Masu kunnuwan jin kiran abinci kawai, ina su ina musu da shi?

Aƙidarsa ɗaya ce. "Kwayil mai ƙarfe a ciki na 'yan talla ne," in ji shi. "Ƙarfe yana ƙoshi, da an ƙure murya sai ya shaƙe sauti. Ni iska zalla nake bari a tsakiya. Iska ba ta yi wa kiɗa ƙarya."

Naɗin dai Baba, tsohon ma'aikacin shagon, ne ke yin sa, shekara ashirin ke nan, har yatsunsa sun yi kanta. Aikin Farfesa ɗaure kwayil a allon cikin akwati, sai jawabi.

Ran nan Hajiya mai zauren taro ta dawo da lasifika huɗu. Duk wanda ya yi magana a cikinsu, kamar ya lulluɓa da bargo. Ta ce zuwa azahar in ba su gyaru ba, ta canza shago.

Farfesa ya manna kunne a jikin akwati, ya lumshe ido, ya daɗe.

"Babu ko ƙwayar ƙarfe a ciki. Hannun tsufa ne, ya ɓata ƙirgen zagaye. Baba, in suka ƙi, yau ka tattara komatsanka."

Baba ya taso daga teburinsa. Ya ɗauki sukundireba ya buɗe akwatin. Naɗinsa lafiya lau. Amma ta tsakiyar ramin da aka bar wa iska, ga wata ƙusar ƙarfe mai kaurin babban yatsa, an ɗaure ta tamau da noti, ɗaurin mai ilimi. Ita ta mai da kwayil ɗin mai cikin ƙarfe, ta danne murya. Baba ya zare ta, ya zare 'yan'uwanta uku, ya ɗaure kowane naɗi da igiyar roba.

Aka kunna. Murya ta fito tar.

"Kin ji ko, Hajiya?" in ji Farfesa. "Na gyara masa ƙirgen da kunne."

Hajiya ta ɗaga ƙusa ɗaya daga kan tebur. "Baba, wannan fa?"

"Iskar Farfesa ce, ranki ya daɗe. Ta ɗan yi tsatsa."

Daga ranar, in Hajiya ta kawo aiki, teburin Baba take nufa. A ranar kuwa, tana juya baya Farfesa ya share ƙusoshin nan huɗu cikin aljihu, ya taka zuwa ƙofa da ƙasaita. Suna ta kacau-kacau a jikinsa. Kowa a shagon ya ji, ban da mai kunnen zinariya.