Tuffar Dedo a Layin Marasa Lafiya

"...Lafiya ƙalau, tsoho. Na ga har yanzu ƙasa ba ta karɓe ka ba."

"Ni zan raka ki, 'yar nema. Ajiye jakar, zo mu yi magana."

Lamija ta iso ƙauyensu daga birnin Tuzla ta tarar da kakanta, Dedo Hasib, zaune tsakanin buhuna. Ƙanƙara ta kakkaɓo masa tuffa, duk sun ƙuje. In ba a matse su an dafa ruwan ya zama pekmez, wato maɗin tuffa mai kauri, da wuri ba, zaƙin hunturun gidan ya tafi. Kaskon dahuwa kuwa ɗaya ne a ƙauyen, kuma manhajar da Lamija ke aiki a kanta ce ke raba wa gidaje ranar amfani da shi. Manhajar ta jefa Dedo can ƙarshen layi.

"Wannan shegiyar aba taki," in ji shi, "ba ita ce kika ce tana raba gado a asibiti ba?"

"Ita ce. Ita ke tsara motocin haya, ita ke ba da aron littattafai. Gindin ɗaya ne, kowa sai ya ɗora abin da yake buƙata."

"Kai! Baiwar Allah, ta fi ki amfani. Ke ko kofi ba ki iya dafawa ba. To danna, ki sa ni gaba."

"Sata da furfura? Ba da ni ba."

"Ni na goya ki!"

"Ka yar da ni a gonar kabeji. Kakata Nana ta faɗa mini."

"Nauyi gare ki kamar maraƙi!"

Lamija ta buɗe kwamfutarta tana dariya, amma warin tsami daga buhunan ya dame ta. "Akwai hanya. Asibiti na da wani tsari da suka ɗora mata, wanda ya fi jin jiki shi ake fara gani. Zan jona shi a nan in maƙwabta sun yarda. Kowa ya turo hoton tuffarsa, wadda ta fi lalacewa ita ce farko."

Dedo ya miƙe. "Hoto? Duk ƙauyen nan su ga tuffata a haka? Har maƙwabciyata Zumreta, da nake yi wa gori tun kafin a haifi uwarki?"

"Har ita. Ko ka rufe buhu, ka ci gori da burodi har bazara."

Ya ɗauko tuffa ɗaya, ya juya ta. Yatsansa ya nutse ciki.

"Abar da ta iya duba mutum, ta iya duba tuffa, ba ta kuma karɓar cin hanci..." Ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa. "Wallahi kin haifu. Ɗauki hoton. Tsaya, ba wannan buhun ba, wancan ya fi muni. Kwalbar pekmez ta farko taki ce, muguwa."